Mota Ma Tana Cin Hatsi

Mu da muke auna gero da dawa a Toranke, mun ga abin da ya kamata a faɗa. Kowane buhu da ya bi hanyar Gaya da Wudil zuwa Dawanau, sai mota ta ci rabonta kafin mai shi ya ga riba.

Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin mai. Lita da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Sai aka ce wa direbobi su mayar da motocinsu masu shan iskar gas, ta fi arha.

To, shawarar ba laifi. Amma tun Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, 'yar Kwatano ta yi tsada. Mai tsohuwar a-kori-kura ya rasa canji, ga ta da shan mai kamar raƙumi. Kuɗin juya inji kuma ina zai samo? Idan sai ya shiga birni zai sha gas, arhar ta ƙare a hanya.

Roƙonmu biyu ne: a kawo gidan gas Gaya, a ba direbobi rancen juya inji su biya sannu a hankali.

Mu kuma 'yan kasuwa, mu haɗa kaya mu cika mota ɗaya. Rabin lodi asara ce, talaka ke biyanta a bakin tiya.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.