Jinin Dasashi da Barazanar Cutar Noma a Kudancin Sakkwato

A garuruwan Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan da ke kewaye da su, mutum kan yi asawaki da asuba ya tofar da yawu mai jini-jini ba tare da ya damu ba, domin an saba ɗora laifin a kan taurin icen. Masana lafiyar haƙori kuwa suna ɗaukar wannan jini a matsayin alamar farko ta kumburin dasashi, wato naman da ke riƙe da gindin haƙora, saboda lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don kawai an goge shi.

Tushen ciwon shi ne wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori bayan cin abinci, wadda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a cikinta, kuma idan aka bar ta sai ta daskare ta yi tauri, har ta kai matsayin da asawaki ko buroshi ba sa iya cire ta sai ma'aikacin haƙori ya kankare ta. Daga nan dasashi kan yi ja, ya kumbura, baki ya riƙa wari, kuma a wannan mataki tsafta da kankare dauɗar suna iya maido da shi daidai. In aka yi sakaci, ciwon yakan nutsa ƙasa ya fara cin ƙashin da haƙori ke kafe a ciki, naman ya ja da baya, mugunya ta taru, haƙora su yi girgiza su zube ɗaya bayan ɗaya, abin da dattawa da yawa ke ɗauka aikin tsufa ne alhali ciwo ne da aka daɗe ana rainawa saboda ba ya zafi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da wannan mataki mai tsanani. Shan sigari da cin taba gari suna ƙara haɗarin, sigari ma tana tsuke jijiyoyin jini ta ɓoye zubar jinin da zai yi wa mai shan ta gargaɗi, haka nan ciwon sukari da juna biyu suna sa dasashi saurin kumburi. Asawaki, wanda sunna ce kuma yana aiki sosai, ba ya wadatarwa idan aka tsaya ga haƙoran gaba aka bar turame da gindin haƙora.

Inda al'amarin ya fi tayar da hankali a wannan yanki shi ne bakin ƙananan yara. Cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, tana farawa ne da gyambo a dasashi, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana garkuwar jikinsu, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tamowa da zazzaɓin cizon sauro kan haɗu a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, gero bai nuna ba, sauro kuma ya yawaita. A jikin irin wannan yaro gyambon ba ya jiran shekaru kamar na manya, domin cikin 'yan kwanaki kunci yakan kumbura, fata ta yi baƙi, naman ya ruɓe ya ɓule, kuma an ƙiyasta cewa har kashi 90 cikin 100 na yaran da ba su sami magani ba suna mutuwa. Waɗanda suka rayu sukan tashi da tabon da ke hana su ci da magana yadda ya kamata, wani lokaci muƙamuƙi ya kulle, ga kuma ƙyamar jama'a da ke hana su shiga makaranta.

Jihar Sakkwato tana da Asibitin Noma da aka kafa a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, inda ake yin tiyatar gyaran fuska kyauta, kuma Nijeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023. Wannan nasara ce ta gaske, sai dai tiyata tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da cutar. Saboda haka nauyin ya fi karkata ga iyaye da ma'aikatan ƙananan asibitocin yankin, irin na Dogon Daji da Jabo da Kuchi, waɗanda ya kamata su riƙa buɗe bakin duk yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. Jini ko gyambo a dasashi, da wari mai ƙarfi, da dalalar yawu, da ƙin cin abinci, da kumburin kunci, kowanne daga cikinsu dalili ne na kai yaro asibiti a ranar da aka gani, ba tare da an ɓata kwanaki ana gwada turare da jiƙe-jiƙe a gida ba.