Buri mai rana da lissafi: abin da samarin Sabon Gari za su koya daga asusun iyayensu mata

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi a unguwar Sabon Gari ta birnin Maraɗi, sai a fito da benci ƙofar gida, a hura gawayi, a ɗora butar shayi. Kafin a sauke na farko waya ta fara zagaya fada hannu zuwa hannu. Ga wane a Tamanraset ya jingina da mota, ga wane a Libiya cikin sabuwar shadda, ga wani da ya je haƙar zinariya Jado ya dawo ya yi aure. Ba mai tambayar motar ta waye, ko shaddar ta aro ce. Kowa ya kalla ya miƙa gaba, wani ya ce "Allah ya ba mu", wani kuma ya yi shiru yana auna kansa da hoton.

A irin wannan zama, duk saurayin da aka tambaya abin da yake so ya zama yana da amsa a bakinsa: babban alhaji, mai tireloli, mai gidan sama a Ali Ɗan Sofo. Idan aka sauya tambayar, aka ce me yake so ya kammala kafin babbar Sallah, kuma nawa zai ci masa, sai a ji "sai yadda Allah ya yi". Tazarar da ke tsakanin amsoshin nan biyu ita ce ke cinye shekarun matasa da yawa, kuma ita ke cinye musu yarda da kansu. Wanda burinsa ba shi da rana ba ya taɓa sanin ko ya matsa gaba. Kullum abin da yake gani shi ne nisan da ke tsakaninsa da alhajin da ya wuce a mota.

Ba za a ɗora wa samarin nan laifin komai ba. Maraɗi gari ne da ke numfashi da iyakar Najeriya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake toshe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya har cikin Maris na 2024. Ɗan dako da ɗan kabu-kabu da mai canji da mai sayar da mai a kwalba duk sun ji a jikinsu, kuma babu wani tsari da matashi zai rubuta a littafi da zai buɗe iyaka. Wanda ya fito jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da digiri yana jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata, shi ma ba shi ke sa ranar ba. Duk mai cewa talauci ra'ayi ne kawai da ke cikin kai, to bai taɓa kwana da yunwa ba.

Amma akwai wasu mutane a wannan jiha da suka fi samarin fada talauci nesa ba kusa ba, waɗanda kuma suka nuna wa duniya yadda ake yi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a jihar Maraɗi kan wani tsari da aka kira Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Mata ne, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, suke haɗuwa sau ɗaya a mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai. Mai bukata ta ranta ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, ko ta ɗaure akuya, ta biya a ranar da aka sa. Idan zango ya cika a fasa asusu a raba. Wannan tsari da aka haifa a nan ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, kuma miliyoyin mutane ke aiki da shi yau. Wasu daga matan da suka fara da ƴan daloli sun kai ga tsayawa takarar kansila suka ci.

Abin lura a asusun nan shi ne yadda komai nasa yake da adadi da rana da shaida. An san nawa za a zuba, an san ranar zubi, an san ranar rabo, kuma ana yin komai a gaban jama'a. Akwatin da ake amfani da shi a irin waɗannan ƙungiyoyi kwaɗo uku gare shi, mabuɗan suna hannun mata uku, ba mai iya buɗewa ita kaɗai. Matar da ta yi mako arba'in ba ta fasa zubi ba ta san wani abu game da kanta da babu mai iya ƙwace mata: ita mai cika alkawari ce. Daga nan take samun bakin magana a gaban miji da dangin miji, har a gaban mai gari. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce ta riƙa faɗa wa kanta ita gwarzuwa ce. Ta ga aikin hannunta ne ta yarda da kanta.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da kaiwa ga wannan ta tasu hanyar. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna nuna cewa buri ƙayyadadde mai ɗan wuya ya fi sa mutum aiki a kan a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka tara kan ganin darajar kai, suka tarar cewa yabon yara don a ɗaga musu rai bai cika gyara sakamakonsu a makaranta ba, sau da yawa nasarar ce ke fara zuwa, ganin darajar kan ya biyo bayanta. A Lome, babban birnin Togo, an gwada horo iri biyu a kan ƙananan ƴan kasuwa 1,500. Waɗanda aka koya wa tsara buri da shirya wa cikas tun kafin ya zo, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a shekaru biyu, waɗanda aka ba darasin kasuwanci na al'ada kuwa kashi 11. Mujallar Science ta buga sakamakon a 2017.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne wanda mujallar Nature ta buga a 2022, da aka yi a kan matan karkarar Nijar masu karɓar tallafin gwamnati na jika 10 a wata. Dukansu an sa su cikin ƙungiyoyin asusu an kuma ba su horon sana'a. Wasu aka ƙara musu jari na jika 80 a dunƙule, wasu aka ƙara musu horo kan tsara buri da yarda da kai tare da zaman tattaunawa da mutanen gari, wasu aka haɗa musu duka biyun. Kowane rukuni ya samu ci gaba a abinci da kuɗin shiga, amma idan aka auna da abin da aka kashe, ɓangaren horon zuciya ya fi biyan kuɗinsa. Sai dai kada masu laccar ƙarfafa gwiwa a Facebook su yi saurin murna: matan nan suna da jika gomarsu ta wata a hannu kafin a yi musu maganar buri. Nasiha a kan cikin da ba komai ba ta zama.

Ko alhazan da ake kwatance da su a fada, samarin suna ganin ƙarshen labarin ne kawai. Emmanuel Grégoire, Bafaranshen da ya rubuta littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa da yawansu sun fara ne a matsayin barori a hannun ubangida, suna sayen gyaɗa a ƙauyuka, suna riƙe amanar kuɗin wani shekara da shekaru kafin a sallame su da jari. Da farin shekarun 1973 da 1974 ya karya cinikin gyaɗa, waɗanda suka tsira su ne suka juya zuwa fataucin kaya tsakanin Nijar da Najeriya. Ita kanta Sabon Gari, sunanta ya faɗi asalinta: unguwa ce ta waɗanda suka zo daga baya neman na kansu, a garin da shi ma sai da ambaliyar 1945 ta tashe shi daga kwarin Gulbi ya hau tudu ya sake gini.

A nan wani dattijo zai ce ai wannan koyarwar Turawa ce, arziki na Allah ne, kuma yaron da ke yawan faɗin "zan yi, zan yi" ya fara girman kai. Akwai gaskiya a rabin maganar. Girman kai shi ne mutum ya raina aikin da ke gabansa don yana ganin ya fi ƙarfinsa, kamar mai digirin da zai kwana da yunwa da a gan shi yana faci. Sanin darajar kai kuwa shi ne abin da Bahaushe ke kira sanin ciwon kai, kishiyar mutuwar zuciya. Manomin Jiratawa da ke noman rani a gefen Gulbi ya yi imani da ƙaddara kamar kowa, amma ya san ranar da ruwa zai zo layinsa, ya san bayan kwana nawa zai sake yankan zogale, ya san abin da ƙungiya ke binsa na kuɗin ruwa. Ba a taɓa jin an ce lissafin nan ya rage masa tawakkali ba.

Rashin wannan lissafi shi ke tura mutum ga abin da ya yi masa alkawarin tsallake matakala gaba ɗaya. A watan Nuwamban 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka rasu. Ba a zargin mamaci da neman halalinsa, kuma da yawansu yunwa ce ta kai su. Amma duk wanda ya zauna a fada a lokacin ya san akwai waɗanda suka bar keken ɗinki ko garejin da suke koyon aiki suka tafi, don an ce wane ya samu cikin dare ɗaya. Cacar ƙwallo ta waya da ke cinye cinikin yini na ƴan kabu-kabu ita ma daga wannan rijiyar take shan ruwa.

Ƴan uwa da ke ci-rani a Aljeriya da Libiya da Legas da Abijan da Saudiyya, su ma maganar ta shafe su ta fuska biyu. Akwai wanda ya fita da niyyar shekara biyu, yau yana ta bakwai, ba don ya samu ba sai don bai taɓa yanke adadin da zai ce ya isa ba, kuma kunyar dawowa hannu rabbana ta fi masa zafin zaman. Duk abin da ya turo ta Nita ko Al Izza ya narke a suna da biki da ankon ƙanne. Wanda ya ce fili zai saya a hanyar Tibiri, ya san kuɗinsa, ya ware kason da ba a taɓawa, ya faɗa wa mahaifiyarsa a fili, shi ne ke da ranar dawowa. Ta ɗaya fuskar kuma, hoton da ake ɗauka a jikin motar wani ana turowa gida ba wasa ba ne ga ƙanen da ke kallo. Da za a haɗa masa da hoton ɗakin da mutum goma ke kwana a ciki, da ya fi yi masa adalci.

Ga saurayin da ke tuƙa babur ɗin wani yana kai balas kowace yamma, lissafin ba ya buƙatar digiri. A ce babur ɗin da yake so jika 500 ne. Idan zai iya ajiye jika ɗaya a rana, kwana shida a mako, to cikin shekara ya tara sama da jika 300, kuma kafin shekara biyu ta cika mabuɗin nasa ne. Zai yiwu ciwo ya shigo, ko taya ta fashe, ko a kama shi kan takardu, ranar ta matsa da wata uku. Duk da haka a kowane dare ya san inda yake, kuma idan aka miƙo masa wayar nan mai hoton Tamanraset yana da abin da zai auna kansa da shi wanda ba motar wani ba.

Wahalar ita ce ajiya a aljihu ba ta kwana, kuma a nan ne fada za ta iya amfani. Fada ta riga ta iya karo-karo: ana tara kuɗin sukari da ganyen shayi, ana tara gudummawa idan ɗaya zai yi aure, akwai shugaba, akwai ma'aji. Abin da ya rage shi ne littafi mai shafi ɗaya ga kowane mutum, a rubuta abin da yake nema da kuɗinsa da ranarsa, a karanta a gaban kowa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Wasu za su ji kunyar a ji cewa burinsu bai wuce injin aski ko kuɗin rajistar jarrabawar BAC da suka faɗi bara ba. Wasu za su ce asusu aikin mata ne. Su koma gida su tambayi iyayensu mata wa ya sayi akuyar da aka sayar aka biya musu kuɗin makaranta, su kuma tambaye su yadda ake zaɓen mutum ukun da za a ba mabuɗai, don a nan ne yawancin asusun maza ke watsewa tun zango bai cika ba.