A Gyara Takardar Sallamar Hafsa Tun Mai Ita Yana da Rai

 Ya ku malamai da attajirai da sauran masu karatun wannan shafi, maganarmu ta yau a kan wata 'yar takarda ce wadda ba ta cika aljihu, amma tana iya bin mutum har bakin kabarinsa. Ita ce takardar sallama da a ke ba soja ran da ya tuɓe kaki. Idan hafsa ya yi laifi aka kore shi da mummunar shaida, sa'an nan bayan shekaru ya dawo yana roƙon a sake duba al'amarinsa a kyautata masa takardar, me ya wajaba a kan waɗanda aka kai wa kukan? Abin da mu ke gani shi ne su saurare shi da gaske, su gyara hukuncin in ya wuce laifin, su bar labarin laifin kamar yadda ya auku, kuma su yi haka tun mutumin yana numfashi.

Amurka ta tsara wannan al'amari a rubuce, saboda haka can za mu duba. A wurinsu sallama hawa hawa ce. Akwai ta cikakken mutunci, akwai ta tsaka-tsaki wadda ke nuna mutum ya yi aiki amma da 'yan tabo, akwai kuma wadda ke cewa bai fita da mutunci ba. Waɗannan uku hukumar soja ke bayarwa ba tare da shari'a ba. Bayansu akwai korar da babbar kotun soja kaɗai ke iya yanke wa hafsa, ita ce mafi muni. Bambancin nan kuwa ba na suna kawai ba ne. Kuɗin karatu da gwamnati ke biya wa tsohon soja sai mai takardar cikakken mutunci ke samunsa, mai mummunar takarda kuma yana iya rasa magani da sauran taimako, kuma in ya tafi neman aiki aka ce ya kawo takardarsa, to, ita za ta riga shi magana.

A shekarar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Majalisar Dokokinsu ta kafa majalisun sake duba sallama, ko wace rundunar soja da tata. Mai kuka yana da shekara 15 daga ranar sallamarsa ya kai ƙara gare su, amma ba su da ikon taɓa hukuncin babbar kotun soja. A 1946 kuma aka kafa hukumomin gyaran littattafan soja, waɗanda ma'aikata farar hula ke zama a cikinsu. Wa'adinsu shekara 3 ne daga ran da mutum ya gano kuskuren, ko da ya ke suna iya ɗauke wa'adin in adalci ya bukaci haka. Majalisar duba sallama tambaya biyu ta ke yi: shin an bi doka sa'ad da aka sallame shi, kuma shin an yi masa adalci? Asali a wurinsu shi ne hukuma ta yi daidai, sai mai kuka ya kawo abin da ya rushe wannan zato. Almajirin fiƙihu ba zai yi baƙunta a nan ba, gama ya san hujja a kan mai da'awa ta ke.

Kada wani ya ce wannan damuwa da takarda al'adar Turawa ce. A shekara ta 17 bayan Hijira Sayyidina Umar ya tuɓe Halidu ɗan Walidu daga shugabancin yaƙi, bayan an bincike shi a kan wata babbar kyauta da ya yi wa Ash'asu ɗan Ƙaisu. Da aka ƙare, Umar bai bar mutane su yi ta zato ba. Ya aika wa garuruwa wasiƙa yana bayyana cewa bai tuɓe shi don ha'inci ko don fushi ba, ya dai ji tsoron kada jama'a su jingina nasara ga mutum su manta da Mai ba da ita. Watau ya karɓe muƙamin, ya tsare mutuncin. Ashe tun wancan zamani an san cire mutum daga aiki abu ɗaya ne, abin da za a faɗa a kansa bayan an cire shi kuma wani abu ne dabam, kuma shugaba abin tambaya ne a kan duka biyun.

Haka nan halaccin komawa kan hukuncin da ya wuce. A cikin wasiƙar da Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci, ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana gare shi yau. Malamai sun iyakance wannan, suka ce ba a warware hukunci don kawai wani alƙali ya zo da ra'ayi dabam, sai in an saɓa wa nassi ko ijma'i ko abin da ya yi kama da su a ƙarfi. To, ga ƙofa a buɗe, ga kuma mai gadi a bakinta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari mu kawo labarin hafsa guda, domin shi ya tara dukan abin da mu ke nufi. Henry Flipper an haife shi cikin bauta a jihar Jojiya a 1856. A 1877 ya zama baƙar fata na farko da ya sauke karatu a makarantar hafsoshi ta West Point, aka ba shi ƙaramin laftana a runduna ta 10 ta barade. Ya yi aikin kirki, har a barikin Fort Sill ya tsara wata magudana da ta janye ruwan kududdufai masu kawo zazzaɓi, wadda har yau da sunansa a ke kiranta. Daga baya aka mai da shi barikin Fort Davis a Teksas, aka danƙa masa kuɗin abincin soja. A 1881 ya ga kuɗin sun yi giɓi. Maimakon ya faɗa wa shugabansa, Kanar Shafter, sai tsoro ya kama shi, ya ɓoye, ya ba da labarin da ba haka ya ke ba, yana fatan ya cike kafin a gane. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Aka gane, aka tsare shi. Abokansa da mutanen garin suka tara kuɗi aka cike giɓin, duk da haka aka kai shi kotun soja.

Kotu ta wanke shi daga zargin cin kuɗi, ta kama shi da halin da bai dace da hafsa ba, ta yanke masa kora. Babban lauyan soja ya ba da shawarar a sassauta, amma Shugaba Arthur ya tabbatar da hukuncin, aka kore shi ran 30 ga Yuni 1882. Ya shiga aikin awon ƙasa da injiniya, ya yi suna a kudu maso yammacin Amurka da Meziko da Benezuwela, har ya yi wa gwamnatin da ta kore shi aiki a ma'aikatar cikin gida. Ya yi ta kai kuka Majalisar Dokoki, ba a biya masa bukata ba, har ya rasu a 1940. Sai a 1976 danginsa da masu goyon bayansa suka kai maganar gaban hukumar gyaran littattafan soja, suna cewa fararen hafsoshi da suka yi irin laifinsa ba a kore su ba. Hukumar ta ce ba ta da ikon soke hukuncin kotu, amma ta ga horon ya yi tsanani fiye da kima, ta ba da takardar sallama ta mutunci. A 1999 Shugaba Clinton ya yi masa gafara.

Mu a ganinmu hukumar nan ta 1976 ta bi hanya madaidaiciya, domin ta rarrabe abubuwan da mutane kan cuɗanya. Na farko, ya yi laifin ko bai yi ba? Ya yi, gama ya faɗa wa shugabansa abin da ba gaskiya ba, ba kuwa wanda ya isa ya kankare wannan. Na biyu, horon ya yi daidai da laifin, kuma haka aka yi wa tsaransa? A nan aka sami zalunci, nan kuma ya kamata gyara ya tsaya. Na uku, me ya aikata kafin laifin da bayansa? Wannan ma yana da nauyi a ma'auni. Sa'ad da Haɗibu ɗan Abu Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa labarin shirin buɗe Makka, laifin babba ne, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaye shi dalili, ya kuma lissafa masa halartarsa yaƙin Badar.

Akwai masu ja da wannan, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Suna cewa hafsa ba kamar kurtu ya ke ba, an danƙa masa rayukan mutane da dukiyar jama'a, in aka riƙa kyautata takardar duk wanda ya yi kuka, to, an wulaƙanta wanda ya yi shekara talatin bai taɓa karkacewa ba, an kuma koya wa na baya cewa horo abin jira ne ya wuce. Amsarmu ita ce wannan dalili ne na tsananta bincike, bai zama dalilin rufe ƙofa ba. A dubi mai roƙon, ya amsa abin da ya yi ko kuwa yana ta kewaye? Ka'abu ɗan Maliku da ya ƙi fita yaƙin Tabuka bai ƙago uzuri ba, ya faɗi gaskiya, ya sha ƙauracewar kwana 50, sa'an nan aka karɓi tubansa. A dubi kuma ko akwai haƙƙin wani a wuyansa. Wanda ya cuci na ƙasa da shi, ko ya ci mutuncin mace, ko ya cinye abincin sojansa bai mayar ba, kyawun halinsa na baya ba ya biyan bashin waɗanda ya cuta. Sa'an nan mayar da mutunci bai lazimta mayar da amanar da aka faɗi a cikinta ba. Mai Risala ya kawo cewa wanda aka yi wa haddin zina, in ya tuba, ana karɓar shaidarsa, sai dai a kan zina. Haka ya kamata a nan: a kyautata takardar, ba tilas a mayar masa da mabuɗin taska ba.

A zamanin nan an ƙara wani babi. Likitoci sun tabbatar cewa firgitar yaƙi tana barin ciwo a zuciya da ƙwaƙwalwa, har mutum ya kasa barci, ya riƙa fushi ba dalili, ya faɗa shaye-shaye ko ya guje wa aiki. A 2014 Sakataren Tsaron Amurka, Chuck Hagel, ya umarci hukumomin gyara su sassauta wajen duba kukan masu wannan ciwo, musamman tsofaffin sojan yaƙin Biyetnam, waɗanda aka sallama tun ciwon bai sami suna a littattafan likitoci ba. A 2017 aka ƙara bayani da tambayoyi huɗu: yana da lalurar da ka iya zama uzuri? Ta same shi yana cikin aiki? Lalle ita ta jawo laifin ko ta rage nauyinsa? Ta rinjayi laifin a ma'auni? Wannan tsari ne mai kyau, domin shari'a ma ba ta daidaita mai cikakken hankali da wanda hankalinsa ya raunana. Sai dai tambaya ta uku ita ce ginshiƙi. Firgita tana iya sa mutum ya gudu daga bariki, amma da wuya ta sa shi ya zauna ya tsara takardun ƙarya wata da watanni.

Abin da mu ke zargi a labarin Flipper shi ne jinkiri. Shekara 58 ya yi yana ɗauke da tabon nan, aka gyara bayan shekara 94 da korarsa, shekara 36 yana cikin ƙasa. Takardar ta faranta wa dangi rai, ta kuma wanke gwamnati, amma shi mai ita bai riƙe ta a hannunsa ba. Mu ma a nan ba baƙin wannan magana ba ne. A 2015 rundunar sojan Nijeriya ta sake duba al'amarin waɗanda aka kora a kan yaƙin arewa maso gabas, ta mayar da fiye da 3,000 bakin aiki. An kyauta da aka yi shi da wuri. Abin da mu ke roƙo shi ne irin wannan dubawa ta zama ƙofa sananniya mai ƙa'ida da wa'adi, wadda marar gata zai iya ƙwanƙwasawa kamar mai gata.

Ku kuma 'yan'uwa attajirai, kada ku ce wannan zancen bariki ne. Ko wannenku yana ba da takardar sallama da bakinsa. Ran da ka kori yaron shagonka don lissafi ya yi giɓi, kalmar da ka faɗa a kansa cikin kasuwa ita za ta buɗe masa ƙofa ko ta rufe ta shekara da shekaru. In sakaci ya yi, ka ce sakaci, kada ka ce sata. In daga baya ta bayyana gare ka ka tsananta, ko ya biya ya gyara halinsa, to, ka faɗa a inda ka faɗi ta farko, gaban mutanen da suka ji ta farko, tun kai da shi kuna raye. Haka malami da almajirin da ya kora, haka sarki da hakiminsa.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Haza wassalam.