FILIN KALMA ƊAYA: LACERATION, YANKA KO YAGEWA?

Kalmarmu ta wannan fitowa ita ce laceration, ana furta ta "lasareshan". 'Yan makaranta kan gamu da ita a darasin kiwon lafiya, matan aure kuwa a katin asibiti suke ganinta, cikin rubutun nan na likitoci da sai an yi da gaske ake karantawa.

Asalinta ba Turanci ba ne, daga Latin aka aro ta, harshen Rumawan da. A wurinsu lacer na nufin abin da ya yage, lacerare kuma a yayyaga abu kaca-kaca, irin yadda kura ke yi wa akuya. Wajen ƙarni na 15 ta shiga Turanci. Marubuta har zuciya sukan jingina wa kalmar. Jonathan Swift, mai littafin nan da aka fassara mana da sunan Tafiyar Goga, ya rasu a 1745, kuma a rubutun Latin da ya tsara wa kabarinsa a birnin Dublin da wannan kalma ya kwatanta yadda tsananin fushi ke yaga zuciya. Mu masu rubuta labaran soyayya ai mun san zancen.

To amma ku lura, yagewa daban, yanka daban. In tela ya sa almakashi a atamfa, bakin yakan fita sumul. In kuwa ƙusa ce ta kama miki zani, sai ki ga zare ya yi buya-buya. Haka fatar mutum take. Duk da mutane da yawa na kiran kowane rauni laceration, likitocin da ke rubuta rahoto don kotu ba sa haɗa su. A wurinsu laceration fashewar fata ce daga abin da ba shi da kaifi, kamar taɓarya ko bango ko faɗuwa daga babur. Saboda haka wanda ya rotsa wa matarsa goshi, ya ce wai wuƙa ce ta yanke ta a kicin, bakin raunin kaɗai ya isa ya ƙaryata shi.

Inda kalmar ta fi shafarmu shi ne ɗakin haihuwa. Abin da muke kira ƙari iri biyu ne: akwai wanda unguwarzoma ke yi da almakashi don kan jariri ya samu hanya, akwai kuma wanda jiki ke yagewa da kansa, shi ne laceration. Mataki huɗu gare shi. Na 1 fata ce kawai, na 2 ya shiga tsoka, na 3 ya taɓa tsokar da ke riƙe bayan gida, na 4 kuwa ya ratsa har cikin dubura. Na 3 da na 4 ɗin nan, wallahi zama cikin ruwan zafi ba ya haɗe su, komai yawan bagaruwar da aka zuba. Ɗinki suke so a asibiti, da wuri. In an yi shiru don kunya, mace na iya kasa riƙe iska ko bayan gida, ta yi ta ɓoyewa shekara da shekaru, har aure ya nemi lalacewa. Don haka in kin ga kalmar a katinki ko na yayarki, ki tambayi nas mataki na nawa ne, kuma an ɗinke ko ba a ɗinke ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.