Mun kashe filin makaranta, muna zagin yara don sun bi dillalai

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake.

Jiya da yamma a nan Kongolam wani ɗan yayata ya zo yana roƙona in sa baki a sayar da gonar gadonsu, wai wani "ejan" ya yi alkawarin kai shi gwajin ƙwallo a Turai. Yaron nan ya iya ƙwallo, duk wanda ya gan shi a fili ya sani. Amma tun daga aji uku na ƙaramar sakandare ya ajiye littafi. Da na ce ya koma makaranta sai ya ce, "Kawu, a makarantar wa zai gan ni?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi, domin filin da muka yi gudu a kansa muna ɗalibai yanzu shaguna ne aka jera a gefe guda, ragowar kuma ciyawa da bola.

Bari in ba ku labarin wani ɗan Najeriya, Jeremiah Attaochu. A Ibadan aka haife shi a 1993, aka kai shi Amurka yana yaro. A sakandare ya fara ƙwallon Amurka, wannan da ake sa kwalkwali ana ture-ture, aikinsa shi ne tsayawa a bayan sahun masu tsaro ya tare mai gudu da ƙwallo ya kayar da shi. Daga nan jami'ar Georgia Tech ta ɗauke shi, yana karatu yana wasa, har a 2014 ƙungiyar San Diego Chargers ta zaɓe shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasan NFL. Ba wanda ya sayar da gona. A tsarinsu ba ka shiga wannan zaɓe sai ka yi shekara 3 da gama sakandare, kuma idan makinka ya faɗi a jami'a sai a dakatar da kai daga wasa. Waɗanda ake zaɓa ba su kai 2 cikin 100 na masu buga wa jami'o'i ba. Sauran da yawansu suna fita da digiri a hannu, su nemi abin yi.

Na san wani zai ce ai Ahmed Musa bai bi ta jami'a ba. Gaskiya ne. Daga Jos ya zo Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya wuce VVV-Venlo a Holan, sai CSKA Mosko, sai Leicester a 2016. Ya ci wa Najeriya biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Allah ya ƙara masa ɗaukaka. To amma Ahmed Musa nawa muke da su? Ku ƙirga yaran da suka bar aji suna mafarkin zama shi, yau suna dakon buhu ko acaɓa tsakanin nan da Ɗan Barto. Kuma mun gani da idonmu, da aka rufe boda a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, yadda wannan sana'ar ta tsaya cak.

Laifinmu ne, mu iyaye da mu ma'aikata. Uba ya ga ɗansa da ƙwallo sai bulala, wai shashanci. Makaranta kuma ta mayar da wasanni biki na rana ɗaya a shekara, a kira manya, a yi maci, a raba kofin roba, a tashi. Yaron da gida ya kora, makaranta ba ta riƙe shi ba, dole ya faɗa hannun duk wanda ya ce masa "zo".

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake rubuta kasafi, ba kuɗi mai yawa ake buƙata ba. A hana yanka filayen makarantu. A dawo da gasa tsakanin sakandaren Mai'adua, Zango, Sandamu, Baure da Daura kowane zango, wasan ƙarshe na jiha a yi shi a filin Muhammadu Dikko a Katsina, a gayyaci masu horar da Katsina United su zauna su kalla. Sharaɗi ɗaya: wanda ba ya zuwa aji, ba ya sa riga. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ga Jami'ar Sufuri. Me zai hana su keɓe guraben karatu ga yaran da suka yi fice? Gasar Ramat Cup da ake yi a Kano ta nuna cewa idan an shirya, yara za su fito.

Gonar dai ban yarda a sayar ba, kuma yaron yana fushi da ni. Ranar Litinin zan kai shi a sake yi masa rajista. Shugabannin makarantu da kansilolin da ke cikin abokaina a nan, ina jiran amsarku a ƙasa. Allah ya shirya mana zuri'a.