Tikitinsa Na Babba Ne, Amma Ba a Tambaye Shi Ina Za a Je Ba

Kamfanonin jiragen sama ba su san kara ba. Da yaro ya cika shekara 12, kuɗin kujerarsa ya zama daidai da na mahaifinsa. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen ma haka suke lissafi: tun watan Yunin 2024 babba yana biyan Yuro 90, yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yana biyan rabi, amma ɗan shekara 13 cikakken kuɗi zai ajiye, kuma ko an hana shi bizar ba za a mayar masa da ko kwabo ba. A otal ma, saurayi da budurwa sun wuce a shimfiɗa musu katifa a gefen gadon iyaye, kuma tarbiyyar gidan Bahaushe ba ta yarda a haɗa su ɗaki ɗaya ba. Iyalin da ɗaki biyu ya ishe su shekara biyar da suka wuce, yanzu sai uku.

Duk inda aka zo biya, babba ne. A gida kuwa, inda ake yanke shawarar tafiyar, yaro ne da ba a neman bakinsa. Maigida zai gama magana da wakilin tafiye-tafiye, ya biya, ya karɓo tikiti, sannan saƙo ya iso ta bakin uwargida: Abbanku ya ce ku haɗa kaya, ranar Laraba za a tashi. Bayan mako biyu a dawo da ƙorafin da kowa ya saba ji, wai an kashe miliyoyi an kai su ƙasar waje, su kuma suna kwance a ɗakin otal suna latsa waya. Laifin yana komawa kan yaran zamani. Amma wanda aka kai inda bai zaɓa ba, a lokacin da bai zaɓa ba, don ganin abin da ba a taɓa tambayarsa ko yana so ba, me ake tsammanin zai yi in ba latsa waya ba?

Batun ya fi ciwo yanzu saboda kuɗin ba irin na da ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki darajar Naira ta bi kasuwa, cikin 2024 dala ta haura Naira 1,500. Fasfo mai shafi 32 da ya koma Naira 50,000 a Satumban 2024 ya sake ninkawa zuwa 100,000 a Satumban 2025. Gidan da ke fita duk shekara ya koma fita sau ɗaya a shekara uku, wani ma tafiya ɗaya ce zai iya yi da 'ya'yansa kafin jami'a da aure su raba su. Irin wannan tafiya ba ta cancanci a tsara ta a ɓoye ba.

Wani uban zai ce ai ba a saba ba. Gaskiya ne. Akwai kunya tsakanin uba da ɗan fari, akwai gidan da 'ya ba ta zama ta yi doguwar hira da mahaifinta, kuma babu mai cewa a rushe wannan saboda hutun kwana goma. Neman shawara ba miƙa ragamar gida ba ne. Abin da ake bukata shi ne uba ya faɗi iyakar aljihunsa, ya kawo ƙasa biyu ko uku da kuɗin zai iya kaiwa, ya bar matasan su bincika su dawo da hujja. In kunya ta hana zama gaba da gaba, uwa ta saba ɗaukar saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan, sai dai wannan karon saƙon ya riƙa tafiya ta fuska biyu. Yarinyar da ta gano da kanta cewa kwana huɗu a Dubai zai cinye kuɗin kwana tara a wani wuri ta koyi abin da wa'azin shekara guda a kan tattali bai koya mata ba.

Su ne ma suka fi sanin kalandarsu. Jarrabawar WAEC tana cin watannin Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo baya zuwa Yuli, ga darussan hutu ga masu shirin JAMB. Abin da ke saura shi ne dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma nan ne inda masu tsara tafiya su kaɗai suke faɗawa rami, don lokacin ne ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suke tafasa. A watan Agusta zafin Dubai yana wuce digiri 40 da rana, ga gumi mai hana numfashi, saboda haka hutun yakan ƙare a cikin manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki, ana yawo daga shago zuwa shago. A daidai wannan lokacin Nairobi da Kigali suna cikin sanyi da rani, kuma tsakanin Yuli da Oktoba ne garken namun daji suke ƙetarowa daga Tanzaniya zuwa gandun Masai Mara na Kenya. Ruwanda ta sanar tun Nuwamban 2023 cewa ɗan Afirka ba ya bukatar biza kafin ya shiga.

Akwai kuma ƙasar da masu kuɗin Kano da Kaduna suke tsallakewa kamar ba ta kai a kira ta ƙasar waje ba, wato Gana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba biza har kwana 90, kuma daga Abuja ko Legas tafiyar jirgi ba ta kai rabin ta Jidda ba. Ga matashin Bahaushe, Gana tana da abin da Dubai ba za ta taɓa sayar masa ba. Zai shiga Nima a Ankara, ko zangon Kumasi, ya ji ana ciniki da harshen da ya baro a gida, da karin da bai taɓa ji ba, a bakin jikokin fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna kai kanwa da tufafi su komo da goro. A bakin teku zai ga gidan yarin bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, ya shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare mutane kafin a loda su a jirgin ruwa. In iyalin suna da ƙarfin zuwa arewa, ga Salaga, wadda kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi, inda fataken Hausa suka yi ciniki a duka biyun. Wannan ba labari ne mai daɗin ji ba, amma ɗan shekara 16 ya isa ya ji shi a inda ya faru, ya yi tambayoyin da za su sa mahaifinsa ya yi shiru ya yi tunani. Washegari kuma a kai shi dajin Kakum, ya hau gadojin igiya bakwai da aka rataya a ƙwanƙolin bishiyoyi, a ga wanda ƙafarsa za ta fara rawa tsakaninsa da Abba.

Ga gidaje da yawa, tafiyar farko Umra ce, kuma babu mai jayayya da hakan. Sai dai ita ma ana iya yin ta yadda matashi zai dawo bai riƙe komai ba sai hanyar otal zuwa Harami da shagunan dabino. Tun 2018 jirgin ƙasa mai sauri na Haramain yake haɗa Makka da Madina, tafiyar kusan kilomita 450 cikin ƙasa da awa uku. A bar saurayi ya sayi tikitin ta intanet da kansa. A ce wa budurwa tun a gida ta karanta labarin yaƙin Uhudu, wanda aka yi a shekara ta 3 bayan Hijira, don ita ce za ta yi wa iyali bayani a gindin dutsen maharba. Wadda aka ba wannan aiki za ta tsaya a wurin da wani ido daban da na wadda aka sauke daga mota aka ce a ɗauki hoto a dawo cikin minti goma. Haka in Masar aka nufa, tun da akwai jirgi daga Kano zuwa Alƙahira: dalar Giza da masallacin Azhar, wanda ya haura shekara dubu, sun fi armashi ga wanda aka sa ya yi bincike kafin a taso.

Aikin takardu ma nasu ne, ko da babba zai duba bayansu. Fasfon wanda bai kai shekara 18 ba na shekara biyar ne, don haka wanda aka yi wa yana ɗan shekara 10 ya mutu yana 15, kuma sau da yawa ba a farga sai an zo neman biza. Ƙasashe da dama suna son a ce saura aƙalla wata shida kafin fasfo ya ƙare. Suna da ranar haihuwa dole su yi daidai da abin da ke kan lambar NIN, kuma duk wanda ya san yadda ake rubuta Muhammad iri uku a takardun yaro ɗaya ya san gyaran ba na kwana biyu ba ne. Katin rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, Saudiyya kuma tana neman shaidar allurar sanƙarau daga masu Umra. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko kawu, a tanadi takardar amincewar uba da takardun haihuwa, don jami'an shige da fice suna iya tambaya. Matashin da ke iya buɗe shafuka biyar a Instagram zai iya riƙe wannan jeri a wayarsa ya riƙa tunatar da gida.

Akwai dalili mafi nauyi na ɗaukarsu a matsayin manya tun daga gida, shi ne doka a can waje ba ta tausayin rashin sani. A ƙarshen 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya, ta je Umra da mahaifiyarta, saboda an sami ƙwayoyin Tramadol a wata jaka da aka maƙala wa sunanta. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike ya tabbatar cewa wasu ne a filin jirgi suka yi amfani da sunanta ba da saninta ba, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Darasin a fili yake: kowane matafiyi ya ƙirga jakunkunansa da kansa, ya duba takardun da aka manna a tikitinsa, kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da mai saƙon ya kai sa'ar kakarsa. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya ƙi aiken babba yana bukatar ya ji daga bakin mahaifinsa cewa a nan an yarda ya ce a'a. Goro ma, da kaka za ta cusa a jaka saboda hanya, hukumar alhazai tana gargaɗi duk shekara cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa, ɗaukar hoton mutum ko bidiyonsa a watsa ba da izininsa ba laifi ne da ake hukuntawa, abin da mai neman mabiya a TikTok ya kamata ya sani kafin ya sauka daga jirgi.

Wani abin da ake yawan kawar da kai a kansa shi ne rabon 'ya mace. A tafiye-tafiye da yawa, saurayi yana samun sa'o'insa na yawo, budurwa kuwa an sauya mata wurin aiki ne kawai: ita ce mai goyon auta a filin jirgi, ita ce mai ninke kaya, ita ce mai dafa taliya in gida aka kama haya. An biya mata kuɗin da aka biya wa ɗan'uwanta. In kowa zai zaɓi wuri ɗaya da iyali duka za su je, nata zaɓin ya shiga jadawali da rana da lokaci, kada ya zama na “in an sami dama”.

Jadawalin kansa a sassauta shi. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, kuma jikinsa yana jinkirta jin barci da dare, ba lalaci ba ne kaɗai. Uban da ya tsara fita ƙarfe bakwai na safe kowace rana ya sayi rigima da kuɗinsa. A yi Asuba, a bar su su koma, a fita da hantsi, wuri ɗaya babba a rana ya isa. Tsaraba kuma a yi mata iyaka tun a gida, da sunaye da adadin kuɗi, in ba haka ba jallabiyar gwaggo da turaren maƙwabta za su cinye kwana biyun ƙarshe, matasa suna biye da ledoji.

Wayar da ake kuka da ita kuwa, ƙwace ta ba ya kawo komai sai kumburin fuska. Gara a sayi layin ƙasar da aka je, wanda ya fi amfani da layin gida arha nesa ba kusa ba, a ɗora wa ɗaya neman hanya a taswira, ɗaya kuma lissafin canjin kuɗi da rubuta abin da aka kashe kowace rana, tare da ɗan abin kashewarsu a hannu da kuɗin ƙasar. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata uba ya sassauta ba: kada a sa hoton tafiya a kafafen sada zumunta sai an dawo. Hoton da aka ɗauka a gaban dalar Giza da rana, kafin Magariba ya sanar da duk unguwa cewa gidan babu kowa sai maigadi, kuma ya nuna wa masu garkuwa da mutane gidan da ke da kuɗin tikiti shida.