Ku rage gardamar megapixel, matsalar tana cikin batir

Duk sabuwar wayar da ta fito, tambayar ɗaya ce: megapixel nawa? Samsung ta kai 200 a Galaxy S23 Ultra, aka yi ta tafi. Ni kuwa na'urar ɗaukar hoton da nake ganin za ta fi taimakon aljihunmu, lalube take yi maimakon kallo.

AFM ake ce mata. Binnig da Quate da Gerber ne suka ƙera ta a 1986. Madubin likita na yau da kullum ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, saboda haka ita sai ta sa 'yar allura mai tsinin gaske tana bin saman abu layi-layi, kamar makaho da sandarsa. Hasken lesa na auna motsin allurar, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Aibinta a da shi ne nawa: hoto ɗaya sai ya ci mintuna.

Toshio Ando na Jami'ar Kanazawa a Japan ne ya ƙara mata gudu, har ta kai hotuna fiye da 10 a daƙiƙa. A 2010 tawagarsa ta fitar da bidiyon furotin myosin V yana tafiya cikin ruwa, kowane taku kusan nanomita 36. A jami'ar dai, su Takeshi Fukuma sun ɗauki yadda dutsen calcite ke narkewa a ruwa, har ana ganin jerin atom.

To ina ruwan wayarka? A cikin batirin lithium, daidai inda ruwan batir ke haɗuwa da graphite, wani siririn ɓawo ke fitowa. Yana ƙara kauri yana cinye lithium, zafi kuma na hanzarta shi. Wanda ya sa caji da rana a Sakkwato cikin Afrilu ya san zancen. Shi ya sa bayan shekara biyu sai ka koma yawo da power bank.

Duk mai rubuta manhaja ya san hoton allo bayan manhaja ta tsaya bai cika nuna musabbabi ba. Sai ka bi abin da ya faru mataki-mataki kafin ka kama kuskuren. Fasa mataccen batir a duba, wannan hoton allon ne.

Ba na cewa an gama. Allurar na taɓa abin da take aunawa, tana iya ture shi, ruwan batir kuma ba ya shiri da iska ko danshi, dole a yi aikin a rufaffen akwati. Duk da haka, da kuɗin binciken kamfanonin waya a hannuna yake, nan zan zuba kafin in ƙara kyamara ta biyar a bayan waya.